Ƙwan Da Ba A Juyawa

Hafsatu, 'yar ƙanena da ke Fassi, ta zo mini gida a Rurum ita da ƙawayenta biyu, mako guda bayan sun gama jarrabawar fita sakandare. Ko gaisuwa ba a ƙarasa ba ta miƙo mini waya. A ciki wata Baturiya ce take iyo a ruwa garai-garai, kunkurun teku yana tafe a gefenta, ga wani kiɗa mai sanyi an sa musu.

"Baffa, ni fa irin aikinka zan karanta," in ji ta. "Wannan ai hutu ne, kuma a biya ka."

Na karɓi wayar na ƙare mata kallo, na mayar mata. Na ce shekara ashirin da bakwai na yi a bakin teku ina aikin kunkuru, ban taɓa iyo da ko guda ɗaya ba, kuma babu wanda ya taɓa sa mini kiɗa. Suka kwashe da dariya, sun zaci wasa nake yi. Masu babur ɗin da suka kawo su suna jira a ƙofar gida, hirar ba ta yi nisa ba, shi ya sa na ce zan rubuta musu. Ba don in hana kowa nake yi ba. Sana'a ce mai albarka, ta rufa mini asiri, kuma ina gode wa Allah da Ya kai ni cikinta. Amma gara mutum ya san abin da zai tarar.

Ni ɗan manomi ne, a Rurum Tsohon Gari aka haife ni, kuma har na girma babu ruwan da ya kai na madatsar Tiga girma a idona. A can muke ganin kififfiya, kunkurun ruwa, in masunta sun kamo ta, mu zagaye ta muna tsokana da kara. Da na je jami'a na karanta ilimin dabbobi, tunanina bai wuce kiwon kifi ko koyarwa a Rano ba. Bautar ƙasa ce ta jefa ni wani ƙauyen masunta a bakin teku, can jihar Akwa Ibom, inda akwai wata 'yar tashar bincike mai ɗaki uku da rufin kwano wanda gishiri ya gama cinyewa. Ranar da na fara ganin teku na daɗe a tsaye ina neman ɗaya tsallaken, ban gan shi ba.

Shugabar tashar wata mata ce gajeriya, Madam Arit, wadda ba ta maimaita magana. Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi takalmina sau-ciki da na sha gogewa tun daga Kano, ta ce in je in cire. Sannan ta jera mini kayan aiki a kan tebur: tef na awo, littafi mai bangon roba, fensir uku, bokiti biyu, wuƙa, ma'aunin zafi mai dogon ƙarfe da ake sokawa cikin yashi, sai filaya da wasu 'yan ƙarafa masu lamba da ake maƙala wa kunkuru a hannun gaba don a gane shi in ya dawo. Biro ba ya aiki a can, ruwa na taɓa rubutun ya tafi. Duk cikin kayan nan fensir na fi rainawa, kuma shi ne ya kusa jawo mini kora.

Aikin farko da na koya shi ne bin sawu. Macen kunkuru da dare take fitowa daga ruwa, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai wajen ɗari, ta binne, ta koma, ba za ta ƙara waiwayarsu ba. Mu kuma ana idar da sallar asuba sai mu kama bakin ruwa da ƙafa, muna neman inda ta ja ciki ta bar sawu kamar na tayar tarakta. Tafiya ce ta awa uku a cikin yashin da yake haɗiye ƙafa, ga wasu ƙananan ƙudaje masu cizo da ido ba ya ganinsu sai dai ka ga jikinka ya yi ruɗu-ruɗu. In ramin yana inda ruwa zai cimma shi, ko inda karnuka da kaguwa za su tone, sai mu kwashe ƙwan mu kai wani fili da muka kewaye da raga a bayan tasha mu sake binnewa. Madam tana da sunan da take kiran wurin da Turanci. Ni akurki nake ce masa.

Ba mu kaɗai ke bin sawun ba. Mutanen ƙauyen tun kaka da kakanni suke cin ƙwan kunkuru, kamar yadda mu a nan muke tsintar ƙwan zabi a daji da damina, kuma har ga Allah ban ga laifinsu ba. Sai dai kunkurun yana ta raguwa, su ma sun sani. Akwai wani tsohon masunci, Papa Okon, wanda in ya ce a yi, ƙauyen ya yi, in ya ce a bari, an bari. Shekara biyu Madam ta yi tana lallaɓa shi bai ce mata uffan ba. Sai a makona na farko, da sassafe, ga shi tsaye a ƙofar tasha da zani a ɗaure a ƙugu. Da Turancin buroka muke magana da su.

"Na ga rami, ban taɓa ba," ya ce wa Madam. "Ku ɗauka. Amma ku nuna mini 'ya'yan da idona. In na ga sun fito sun shiga ruwa, zan gaya wa mutanena su bar muku ƙwai."

Abin da duk aikin tashar yake jira ke nan. Mu mutum huɗu ne, bakin ruwan kuwa ya fi ƙarfin ƙafarmu. In ƙauyen ya yarda, kowane rami ya tsira. In bai yarda ba, sai dai mu yi ta tsere da su kowace safiya, kuma su suka fi mu sanin hanya.

Madam da kanta ta durƙusa ta tona ramin, da hannu, ba ta yarda ko cokali ya shiga ba. Ƙwan fari ne, kewayayye, bai wuce lemon tsami ba, kuma ɓawonsa da taushi, in ka danna sai ya lotsa. Takan ɗago guda ɗaya da yatsu uku a hankali, ta ɗiga masa alama da fensir a samansa, ta ajiye a bokiti a kan yashi, alamar tana kallon sama. Haka ta yi musu ɗaya bayan ɗaya, ba ta magana. Ta auna zurfin ramin, muka je akurki ta haƙa irinsa sak, ta jera su, ta binne. Ni kuwa ina tsaye ina gyaɗa kai. Ina ganin alamar fensir ɗin nan na ce a raina, ai wannan na san shi tun ina yaro.

Mahaifiyata, Inna, kiwon zabi take yi. Zabuwa ba ta iya kwanci ba, saboda haka Inna takan kwashe ƙwanta ta sa wa kaza. Kafin ta sa, sai ta shafa wa kowanne gawayi a gefe guda. Kullum da safe in kazar ta fita kiwo, Inna takan leƙa akurki. In ta ga baƙin gawayin ya sauya wuri, to kazar tana aikinta. In kuwa ta tarar da shi yana nan a sama yadda ta bar shi, sai ta ce kazar nan malalaciya ce, ta sa hannu ta juya su da kanta, don ƙwan da ba a juya ba ɗan tsakon yakan manne da ɓawo ya mutu. A kan wannan na tashi, kuma gaskiya ne, ku tambayi duk mai kiwon kaji daga Rano har Kibiya.

Bayan kwana biyu aka kira Madam taro a birni na mako biyu. Da za ta hau mota ta ce mini, "Ka auna zafin yashi safe da yamma ka rubuta. Ka kori karnuka." Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Na zauna a bakin akurki ina tunani. Ƙwai ne marayu, babu uwa a kansu, wa zai juya su? Ga alama an yi musu, ai ba don ado aka yi ba. Na ce ko dai Madam mantawa ta yi, ko kuwa tana ganin duk wanda ya gama jami'a ya san wannan. Sauran ma'aikatan biyu suna nan, da na buɗe baki na tambaya da shi ke nan. Amma ina jin kunyar a ce ɗan Arewa ya zo da ƙauyanci. Saboda haka duk bayan kwana uku, in sun tafi bin sawu, sai in tone ramin, in yi bismilla, in juya kowane ƙwai a hankali kamar yadda Inna take yi, in mayar in binne in shafe wurin. Sau biyar na yi. Ban rubuta a littafi ba, so nake sai an ƙyanƙyashe sannan in faɗa a yaba mini.

Ƙwan kunkuru yakan yi wajen wata biyu a ƙasa. Tun ana saura kwana goma Papa Okon ya fara zuwa kowace safiya, ya zauna a kan wani kifaffen kwale-kwale yana kallon akurki, in rana ta ɗaga ya tashi. Wata biyu ya cika, shiru. Aka ƙara mako, aka ƙara wani. Ranar da Madam ta ce a tona, tun kafin hannunta ya kai ƙasa wari ya buge mu. Baragurbi ne gaba ɗaya, ko guda bai yi rai ba. Ta ɗago na farko tana neman alamarta, ta same ta a ƙasa. Ta ɗago na biyu, alamar tana gefe. Ta daina tonawa, ta ɗago kai ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Yashin ne ba shi da kyau?" in ji Papa Okon.

Da na yi shiru, wataƙila da maganar ta tsaya a kan yashi. Amma na ce, "Ba yashi ba ne, Papa. Ni ne." Na faɗi duk abin da na yi, har da kazar Inna da gawayi.

Madam ta ajiye ƙwan da ke hannunta. Sannan ta ce mini, a gaban kowa, ƙwan kunkuru ba na kaza ba ne. Awoyi kaɗan bayan an saka shi, ɗan da ke ciki yakan kama saman ɓawon ya maƙale, in aka juya ya ɓalle ya mutu. Alamar fensir ɗin an yi ta ne don kada a juya. Tun juyin farko na kashe su, sauran huɗun gawa nake ta juyawa da bismilla.

Papa Okon ya miƙe ya kaɗe zaninsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Da ka bar mana, da aƙalla sun shiga cikin yaranmu." Ya juya ya tafi. A ranar na so ƙasa ta tsage in shige.

Na haɗa jakata ina jiran a sallame ni. Madam ta kira ni ofis ta yi mini wankin babban bargo, sannan ta ce, "Ba ka tambaya ba, ba ka rubuta ba. Waɗannan biyun sun isa in kore ka. Amma ka faɗi gaskiya a inda ƙarya za ta fishe ka, kuma ni ma da laifina, na yi alama ban gaya maka ta mece ce ba. Je ka ɗauko littafi." Ta sa ni na fasa ƙwan nan ɗaya bayan ɗaya ina rubuta abin da na gani a ciki. Kwana uku hannuna yana wari, ko abinci sai da cokali. Da na gama bautar ƙasa ita ce ta tsaya mini aka ɗauke ni aiki a tashar, kuma har gobe ban san da bakin da zan gode mata ba.

Da Babbar Sallah na zo gida. Na tarar da Inna a ƙarƙashin rumfa tana yayyafa ruwa a kan yashin da ta girke randa a ciki, yadda take yi kullum don ruwan sha ya yi sanyi. Na zauna na ba ta labari, ina ɗan jingina laifin a kan gawayinta. Ta ajiye moɗa ta dube ni.

"Kai Lawan, ashe boko bai ƙare ka da komai ba. Wa ka taɓa gani yana juya wa ƙadangare ƙwansa? Kaza tana juyawa ne don a kai take kwana. Abin da ya binne ƙwansa ya kama gabansa, ai ya gama da shi, ba ya neman taimakonka."

Inna ba ta taɓa ganin teku ba, ba ta san kunkuru yana kai girman tabarmar salla ba, amma ta san abin da ni mai digiri ban sani ba. Ashe ba ilimin gida ne ya cuce ni ba, rabinsa na ɗauka na bar rabi.

Shekara huɗu bayan nan ɗinkin koma, wato ragar kamun kifi, ya fi komai cin lokacina. Kunkuru yakan faɗa komar masunta ya nannaɗe, in ba a fitar da shi da wuri ba ya shaƙe, don iska yake shaƙa kamar mu. Madam ta yi yarjejeniya da su cewa duk wanda ya kamo ya aiko, mu yanke komar mu fitar da shi, mu auna, mu sa masa lamba, mu sake shi, sannan mu ɗinke abin da muka yanka. Ni aka ba ɗinkin. Na koyi riƙe allurar katako, na koyi ƙullin da ba ya zamewa, yatsuna suka yi kanta. Ina zaune cikinsu a ƙarƙashin bishiyar kwakwa suna tsokanata, sunana a ƙauyen Malam mai juya ƙwai, har yara sun haddace. Ramukan da muka riga su samu suna ƙyanƙyashewa lafiya lau, amma Papa Okon bai ƙara taka ƙafarsa akurki ba. In na gaishe shi ya amsa, daga nan babu ƙari. Ƙauyen kuma ya ci gaba da cin ƙwai.

Wata safiya komar Papa Okon ce ta kamo wata ƙatuwar macen kunkuru, ya aiko a kira ni. Ta nannaɗe har wuya, igiya ta yanke ta a kafaɗa. Na durƙusa ina yanka zare ɗaya-ɗaya, ta sami hannu guda ta zabga mini mari a kunci, sai da na ga taurari da rana. Masunta suka yi ta dariya. Papa Okon bai yi ba, ya jiƙa buhu ya rufe mata ido, ya danne ta da gwiwa har na gama awo na maƙala mata lamba. Mu shida muka ja ta zuwa ruwa. Kwana uku na yi ina ɗinke masa koma. Da na kai masa ya bi kowane ƙulli da yatsa, ya naɗe ya shige gida, ko sannu babu.

Shekarar da ta biyo baya ita ce muguwar shekara a duk aikina. Teku ta ci bakin gaɓa ta kayar da bishiyoyin kwakwar da ke yi wa akurki inuwa, ɗan ruwan saman da akan samu jefi-jefi da rani kuma ya ɗauke ɗif. Yashi ya yi zafin da ba ka iya taka shi da tsakar rana. Zafin yashi shi ke raba maza da mata a ƙwan kunkuru, in ya yi yawa mata za su fi yawa, in kuma ya wuce kima ya dafa su a cikin ɓawo. Haka muka yi ta tona rami muna tarar da 'ya'ya sun gama haɗuwa tsaf, da ido da komai, amma a mace. Ma'aunin zafi kullum sama yake yi, mu kuwa sai rubutawa muke kamar masu ɗaukar sunayen mamata. Har Madam, da ba ta karaya, na ga ta zauna ta yi tagumi.

A tsakiyar wannan hali, wata safiya, sai ga Papa Okon a ƙofar tasha. Wannan karon ni ya kira, ba Madam ba.

"Wadda ta mare ka ta dawo," ya ce. "Na ga ƙarfenku a hannunta. A gaban gidana ta yi rami, inda ruwa zai ci. Ni na rufe mata ido da hannuna, ba zan ci 'ya'yanta ba. Ka zo ka ɗauka. Amma in suka ruɓe a hannunka, kada ka ƙara gaishe ni."

Shekara biyar ina jiran wannan dama, sai ta zo a shekarar da komai yake mutuwa. Na je na tona da hannuna, na ɗiga wa kowanne alama, na ɗauko bokitin kamar mai ɗauke da jariri. Ina binne su a akurki ina jin zafin yashin a tafin hannuna, sai randar Inna ta faɗo mini a rai, da rumfarta da jiƙaƙƙen yashinta. Na sami Madam na gaya mata.

"Wata dabarar gidanku ce kuma?" ta ce.

"Ita ce, Madam. Amma wannan karon tambaya na zo yi."

Ta yi murmushi, abin da ba kasafai take yi ba. Ta ce ta taɓa karanta cewa ana yin inuwa da yayyafi a wasu ƙasashe, amma ruwa in ya yi yawa shi ma kisa yake, yana toshe wa ƙwai iska. Ta ce a gwada a inda babu rai tukuna. Muka haƙa ramuka uku da babu komai a ciki: ɗaya a rana, ɗaya a inuwa, ɗaya a inuwa da yayyafi. Kwana huɗu ina soka ma'auni ina rubutawa, ina ƙara ruwa ina ragewa, har muka gane iyakar abin da ke sanyaya yashi bai jiƙa shi sharkaf ba. Sannan ta ce in yi.

Rumfa na kafa irin tamu, da dirkoki da ganyen kwakwa a madadin zana, na ɗaga ta sama yadda iska za ta ratsa. Ruwan teku ba ya yi, gishiri ne, sai na rijiya, rijiyar kuwa tana can ƙarshen ƙauye. Kullum in rana ta karya sai in ɗauko jarka biyu, in zuba a gwangwanin da na huhhuda, in yayyafa a kewayen ramin, ba a kansa ba. Matan ƙauyen suna dariya, wai Malam ya bar juya ƙwai ya koma yi musu ban ruwa kamar albasa. Na ce su yi ta yi. Kusan wata biyu ban fasa ko rana ɗaya ba, kuma kowace jarka tana cikin littafi.

Ranar da abin ya faru na idar da sallar asuba, gari ya fara haske, na leƙa akurki sai na ga saman ramin ya lotsa kamar ƙwarya. Na tsuguna, sai ga ɗan baƙin kai ya ɓullo, ga wani, ga wani. Ban san sanda na zura da gudu ba takalmi har ƙofar Papa Okon ina buga masa ƙyaure. Ya fito yana ɗaura zani, ya biyo ni. Kafin mu iso yashin ya cika da su, kowanne bai wuce tafin hannun yaro ba, suna hawa kan juna. Ba duka suka fito ba, amma mafi yawa sun fito. Muka kwashe su a bokiti muka kai gaban gidansa inda uwarsu ta yi rami, muka zuba su nesa kaɗan da ruwa, don dole su taka yashin da ƙafarsu. Kafin wani lokaci rabin ƙauyen ya taru.

Suna ta rarrafe zuwa ruwa sai ɗaya ya ci karo da sawun ƙafar mutum ya kife a bayansa, yana ta wutsil-wutsil da hannuwa a sama. Papa Okon ya tsuguna ya miƙa hannu, sai ya tsaya cak, ya ɗago ya dube ni.

"Malam, wannan fa? Ana juyawa?"

"Wannan kam a juya shi, Papa."

Ya sa yatsa ɗaya ya juya shi. Ya bi shi da kallo har igiyar ruwa ta ɗauke shi, sannan ya fashe da dariya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba, har da riƙe ciki. Ni kuwa hawaye ne ya zubo mini, ban ɓoye ba. Da ya gama dariyar ya miƙo hannu ya zare fensir ɗin da ke maƙale a kunnena, ya ce in nuna masa yadda ake yin alamar.

Daga wannan shekarar ƙauyen ya bar cin ƙwai, ba duka a rana ɗaya ba, amma ya bari. Papa Okon ya zama shi ke fara bin sawu kafin mu, kuma duk sabon ɗalibin da aka turo mana sai ya zaunar da shi ya ba shi labarina tun daga kazar Inna, yana ƙara gishiri yadda ya ga dama. Ban taɓa hana shi ba, don babu ɗalibin da ya ƙara juya ƙwai a tashar nan. Ya rasu kafin in yi ritaya, 'yarsa ce yanzu take jagorancin masu tsaron bakin ruwan. 'Ya'yan da muka saka a ruwa ran nan kuwa, kunkuru yakan yi shekaru masu yawa kafin ya girma ya dawo yin ƙwai, kuma ba a sa wa jarirai lamba. Wataƙila cikin waɗanda na auna a shekaruna na ƙarshe akwai su, wataƙila babu. Wannan aikin haka yake, ba ka cika ganin ƙarshen abin da ka fara ba.

To Hafsatu, in har yanzu kina so, ki karanta, ni zan fi kowa murna, kuma zan raka ki har tashar mota. Za ki sha tafiya, za ki sha wari, wataƙila ki sha mari. Ki tafi da duk abin da kika koya a tsakar gidanku a Fassi, zai yi miki amfani fiye da yadda kike zato, amma kafin ki sa hannu a kan abu mai rai ki tambaya, in kin yi kuma ki rubuta.

Ni yanzu na dawo gida, na gaji zabin Inna, Allah Ya jiƙanta. Da damina nakan sa wa kaza ƙwansu, sai dai da fensir nake yin alama, ba da gawayi ba. Jiya da safe na leƙa akurki na tarar alamun suna nan a sama yadda na bar su, kazar malalaciya ce. Na san sarai ƙwan zabi ne, na san juyi yake so. Duk da haka da na miƙa hannu sai da ya tsaya a kansu, na daɗe a tsugune kafin in iya taɓa na farko.